"Babban Yaya Na Kallonka": Daga Ina Maganar Nan Ta Fito? Tambayoyi da Amsoshi

Ɗan ƙanwata yana da shagon waya da caja a wajen Ƙofar Ƙaura. Da aka zare masa waya biyu daga kan kanta cikin mako guda, sai ya sa kyamara a saman ƙofa, ya je wurin masu kwamfuta aka buga masa takarda da manyan baƙaƙe, ya manna a ƙarƙashinta: BIG BROTHER IS WATCHING YOU, wato "Babban Yaya na kallonka". Ran nan na biya mu gaisa, na tsaya na karanta. Na ce, "Wannan fa, ka san inda ka ɗauko ta?" Ya ce, "Kawu, ai ta shirin nan ce na talabijin, wanda ake kulle samari da 'yan mata a gida ɗaya." Abokansa biyu da ke zaune a kan benci suka ce haka ne.

Ban ga laifinsu ba, a nan suka fara jin ta. Amma maganar ta girmi shirin da shekara hamsin cif, kuma wanda ya rubuta ta yana fama da tarin fuka ya rubuta ta, yana gargaɗin duniya. Ni malamin adabi ne a wata sakandare a nan Katsina, na daɗe ina jin ɗalibai suna wannan kuskure. Shi ya sa na tattara tambayoyin da aka fi yi mini, a aji da kuma a bencin shagon nan, na amsa su wuri ɗaya.

Wa ya fara rubuta ta, kuma a ina?

Marubucin Ingila George Orwell, a cikin ƙagaggen labarinsa mai suna 1984, wanda kamfanin Secker & Warburg ya buga a Landan ranar 8 ga Yuni, 1949. Orwell sunan alƙalami ne. Sunansa na yanka Eric Arthur Blair. An haife shi a Motihari ta ƙasar Indiya a 1903, lokacin mahaifinsa yana aikin gwamnatin mulkin mallaka a can.

Ba sai ka yi nisa cikin littafin ba, a shafin farko take. Wani ma'aikaci ɗan shekara 39, Winston Smith, ya dawo gida da rana cikin sanyin watan Afrilu. Zauren benen yana warin dafaffen kabeji da tsofaffin tabarmin tsumma. Na'urar hawa bene ba ta aiki, domin gwamnati tana ɗauke wuta da rana don tsimi. Ɗakinsa yana hawa na bakwai, ga shi da gyambo a saman idon sawunsa na dama, sai ya riƙa hawa yana tsayawa yana hutawa. A kowane hawa akwai fosta ɗaya manne a bango: fuskar wani mutum mai kimanin shekara 45, faɗinta ya haura mita guda, da baƙin gashin baki mai kauri. An yi zanen ta yadda duk inda ka matsa idanun suna bin ka. A ƙarƙashin fuskar ne aka rubuta maganar da manyan baƙaƙe.

Ina son mai karatu ya lura da wannan: babu wanda ya furta ta da baki. Rubutu ce a bango. Kuma mutumin da ke karanta ta gajiyayye ne, mai ciwo a ƙafa, yana haki a kan matakala.

Shi wane ne Babban Yayan a cikin labarin?

Shugaban ƙasar Oceania, ɗaya daga cikin manyan dauloli uku da suka raba duniya tsakaninsu; sauran biyun su ne Eurasia da Eastasia. Ingila ta koma lardi kawai a cikin Oceania. Jam'iyya ɗaya ke mulki, da ma'aikatu huɗu waɗanda sunan kowace ya saɓa wa aikinta: Ma'aikatar Zaman Lafiya ce ke yaƙi, Ma'aikatar Wadata ce ke rabon yunwa, Ma'aikatar Ƙauna ce gidan azaba, ita kuwa Ma'aikatar Gaskiya, inda Winston ke aiki, sana'arta gyara tsofaffin jaridu don abin da shugaba ya faɗa bara ya dace da abin da ya faru bana.

Fuskar Babban Yaya tana kan sulalla, tana kan kan sarki na wasiƙa, tana kan bangon littattafai da kwalin taba. Amma daga farkon littafin har ƙarshensa bai taɓa fitowa da jikinsa ba. Babu wanda ya taɓa ganinsa ido da ido. Lokacin da aka kama Winston ana gana masa azaba, ya tambayi mai azabtar da shi, O'Brien, ko Babban Yaya yana nan da gaske. O'Brien ya ce yana nan mana, tunda Jam'iyya tana nan, shi kuwa siffar Jam'iyya ne. Ya sake tambaya ko zai taɓa mutuwa. Aka ce masa a'a, ta yaya zai mutu?

Hikimar a nan ita ce mutum ba ya iya ƙaunar kwamiti, ba ya iya tsoron ofis har cikin ransa. Sai an ba shi fuska. Jam'iyya ta ƙera fuska ta rataya, ta ce ga wanda za ku so, ga wanda za ku ji tsoro.

Da me yake kallon mutane?

Da wani allo na ƙarfe da ke manne a bangon ɗakin kowane ɗan Jam'iyya. Yana watso labarai da waƙoƙin yabo kamar talabijin, a lokaci guda kuma yana ɗaukar hotonka da muryarka. Kana iya rage masa sauti, amma ba ka iya kashe shi. Akwai kuma jirage masu saukar ungulu da ke leƙen tagogi, da makirufo da ake ɓoyewa a daji, da 'Yan Sandan Tunani.

Sai dai abin da ya fi na'ura aiki shi ne rashin tabbas. Ba ka san lokacin da aka juyo kan allonka ba, ko yanzu ne, ko sai baɗi. Don haka dole ka zauna kamar kullum ana ganinka, ka gyara fuskarka ko kai kaɗai ne a ɗaki. A hankali sai ka zama kai ne mai gadin kanka, gwamnati ta huta. Tun 1791 masanin falsafa Jeremy Bentham ya wallafa tsarin wani kurkuku mai da'ira, da hasumiya a tsakiya, inda fursuna ba ya iya sanin ko mai gadi yana dubansa. Tunanin ɗaya ne.

Wurin da ya fi taɓa ni, kuma duk shekarar da na karanta shi a aji sai ajin ya yi tsit, shi ne labarin maƙwabcin Winston mai suna Parsons. Mutum ne mai biyayya ga Jam'iyya kamar raƙumi da akala. 'Yarsa 'yar shekara bakwai ta kasa kunne ta ramin makulli, ta ce ta ji yana zagin Babban Yaya cikin barci, ta kai rahoto. Winston ya same shi a ɗakin tsare mutane, yana rawar jiki, amma yana cewa yana alfahari da yarinyar, ai ya nuna ya yi mata tarbiyya. Mu muna cewa bango yana da kunne. A Oceania ɗan da ka haifa shi ne kunnen.

Me ya sa ya ce "yaya", bai ce sarki ko uba ba?

A nan dafin maganar yake, kuma ina ganin Bahaushe ya fi Bature saurin jin sa. Mun ce babban wa magajin uba. Idan mahaifi ya kwanta dama, shi ke riƙe gida, shi ke biyan kuɗin makaranta, shi ke karɓar sadakin ƙannensa mata. Idan aka tare ka a layi, shi ake kira. Yana da ikon tsawata maka, kai kuma ba ka da bakin musu, domin ka san don kai yake yi. Sarki yana fada, nesa da kai; yaya kuwa gida ɗaya kuke kwana, ya san inda kake ɓoye kuɗinka.

Orwell ya ɗauki wannan suna mai ɗumi ya ɗora shi a kan mulkin da ke fasa zumunci da gangan, wanda ke raba miji da mata, ɗa da uba. Sun rushe 'yan'uwantaka ta gaskiya, suka bar maka ɗan'uwa guda ɗaya, a jikin bango. Azzalumin da ya ce maka shi maƙiyinka ne ka san yadda za ka yi da shi. Wanda ya ce shi yayanka ne, kuma don lafiyarka yake leƙa ɗakinka, shi ne mai wuyar sha'ani.

Daga ina Orwell ya samo sunan da fuskar?

Masu bincike sun bi sawu da dama, kuma duk hasashe ne na waɗanda suka zo bayansa. Zan kawo su da yadda nake auna kowane.

Na farko Stalin. Baƙin gashin baki, hoto a kowane bango, yabo kamar ana bauta: duk wanda ya karanta littafin a 1949 shugaban Tarayyar Sobiyet ya fara faɗo masa a rai. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu jaridun Ingila da Amurka har laƙabin dangi suka sa masa, suna ce masa Kawu Joe. Wannan sawun shi ya fi ƙarfi a wurina.

Na biyu fostar 1914 mai hoton Lord Kitchener, ministan yaƙi na Ingila a lokacin, wadda Alfred Leete ya zana don kiran samari shiga soja: mutum mai kaurin gashin baki, ya nuna ka da yatsa, idanunsa suna bin ka. Orwell yana ɗan shekara 11 a lokacin. Idanun da ke bin mutum a kan matakalar Winston sun yi kama da waɗannan sosai.

Na uku daga marubuci Anthony Burgess ya fito, a wani littafinsa na 1978. Ya ce akwai wata makarantar koyarwa ta wasiƙa mai suna Bennett da ke tallata kanta da hoton mai ita, dattijo mai fara'a, yana cewa a bari ya zame wa ɗalibi uba. Daga baya da ɗansa ya gaje shi sai tallar ta koma a bari ya zame masa babban yaya. Labari ne mai daɗin ji, amma maganar Burgess ce, a riƙe ta a haka.

Na huɗu Brendan Bracken, ministan watsa labarai na Ingila daga 1941 zuwa 1945. Orwell ya yi aiki a sashen BBC mai watsa shirye-shirye zuwa Indiya daga 1941 zuwa 1943, a zamanin da ma'aikatar Bracken ke sa ido kan abin da ake watsawa. Haruffan farko na sunansa B.B. ne, kuma a cikin littafin idan taron jama'a ya ɗauki zafi "B-B! B-B!" suke rerawa. Matar Orwell, Eileen, ita ma ta yi aiki a sashen tace labarai, kuma ana danganta siffar Ma'aikatar Gaskiya da dogon ginin Senate House na Jami'ar Landan, inda ma'aikatar watsa labarai ta zauna lokacin yaƙi.

Sai kuma wani littafi da ya riga nasa: We, na Yevgeny Zamyatin ɗan Rasha, wanda aka rubuta wajen 1920 zuwa 1921, ya fara fitowa cikin Turanci a 1924. A cikinsa mutane lamba gare su maimakon suna, gidajensu na gilashi ne don a riƙa ganinsu, shugabansu kuma ana ce masa Mai Kyautatawa. Orwell ya karanta shi cikin Faransanci, ya yi sharhinsa a jaridar Tribune a Janairun 1946. Wannan kam babu tantama ya bar tabo a cikin 1984.

Shi Orwell ya taɓa ɗanɗana irin wannan sa ido?

Ta fuska biyu ma. Da farko shi ne mai sa idon. Bayan ya gama makarantar Eton bai tafi jami'a ba, ya shiga aikin ɗan sandan mulkin mallaka a ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar, daga 1922 zuwa 1927. Ita ce dai Bamar da kakanninmu sojoji suka je yaƙi da Japan bayan kusan shekara ashirin. A can ya ga yadda 'yan tsiraru ke riƙe ƙasa guda da rahoton 'yan leƙen asiri da bulala, ya tsani aikin, ya ajiye.

Sai a Sifen abin ya juyo kansa. Ya tafi a ƙarshen 1936 don yaƙar sojojin Janar Franco da suka yi wa gwamnatin ƙasar tawaye, ya shiga rundunar wata ƙaramar jam'iyyar 'yan gurguzu mai suna POUM. A Mayun 1937 harsashi ya ratsa wuyansa, Allah ya yi da sauran kwana. Yana murmurewa sai 'yan kwaminis masu bin Moscow, waɗanda jiya gefe ɗaya suke yaƙi, suka sa aka haramta POUM, aka shiga kamen 'ya'yanta, jaridu suna kiransu maciya amana. 'Yan sanda suka shiga ɗakin otal ɗin matarsa a Barcelona da tsakar dare, suka kwashe wasiƙunsa da littattafan da yake rubuta abin da ya gani a fagen daga. Shi kuwa a kango yake kwana, da ƙyar suka tsallaka iyakar Faransa a watan Yuni. Ya ga da idonsa an buga labarin yaƙin da ba a yi ba, an kuma share wanda aka yi. Ma'aikatar Gaskiya daga nan ta samo tushe.

Littafin kansa a wani gidan gona mai suna Barnhill ya rubuta mafi yawansa, a tsibirin Jura na Sikotlan, inda babu wutar lantarki. Da ya rasa mai buga masa, shi da kansa ya buga kwafin ƙarshe da tafireta, wani lokaci yana zaune a kan gado, ya gama a Disambar 1948. Ya rasu a wani asibiti a Landan ranar 21 ga Janairu, 1950, yana da shekara 46, wata bakwai bayan fitowar littafin.

Gaskiya ne juya 1948 ya yi ta koma 1984?

Ana yawan faɗin haka, amma daftarin hannunsa ya nuna ya fara sa 1980, ya koma 1982, kafin ya tsaya a 1984. Ɗayan sunan da ya yi tunanin sa wa littafin ma'anarsa "Mutum na Ƙarshe a Turai". Mai kamfanin da ya wallafa littafin, Fredric Warburg, ya fi son na lambar.

Wannan littafi na kimiyya ne ko na siyasa?

Duka biyun. An tsara shi shekara 35 a gaban lokacin da aka buga shi, kuma ya dogara da na'urorin da babu su a lokacin: allon da ke ganinka, injin da kake magana yana rubutawa, har da injinan da ke ƙaga waƙa da labari don talakawa. A 1949 talabijin ma kaɗan ne ke da ita a Ingila. Wannan shi ya sa ake lissafa shi cikin ƙagaggun labaran kimiyya, a reshen da ke hasko gobe mai muni.

Mu ma muna da namu a wannan fanni, Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, 1969. Kuma Orwell ba baƙo ba ne a Hausa, ta hannun ɗan jiharmu ya shigo: Bala A. Funtua ya mayar da Animal Farm zuwa Gandun Dabbobi a 1975. Manyanmu da yawa sun karanta shi ba tare da sanin cewa mai shi ne ya haifi Babban Yaya ba.

To ina shirin talabijin ya shigo?

John de Mol ne ya ƙirƙiro shi a ƙasar Holan, aka fara nunawa a 1999. Ya ɗauki sunan kai tsaye daga littafin: gida mai kyamara a ko'ina, da murya mai ba da umarni wadda ba a ganin mai ita. Ya iso Afirka a 2003, aka yi na Najeriya a 2006, Katung Aduwak ya ci, sannan ya dawo a 2017 da sunan Big Brother Naija.

Ba ni da sha'awar shirin, kuma ba na ɓoyewa. Abin da ya fi damuna shi ne yadda ya wanke sunan. Winston neman lungun da allon ba ya gani yake yi don ya rubuta layi biyu a ɓoye, yana sane da cewa kisa ne hukuncinsa. Yau dubban matasa ke layi suna roƙon a sa su gaban kyamarar. Yaron da ya fara sanin sunan ta wannan hanya, in ya ji shi daɗi yake tunawa, ba tsoro ba.

Da shekarar 1984 ta zo, an ga abin da ya faɗa?

Orwell da kansa ya bayyana a 1949 cewa bai ce lallai haka za ta faru ba, cewa ya yi irinta tana iya faruwa in ba a tashi tsaye ba. Ya kuma ce bai rubuta don sukar jam'iyyar Labour ta Ingila ba, wadda yake goyon baya. A Janairun 1984 kamfanin Apple ya yi amfani da siffar Babban Yaya a tallar kwamfutarsa Macintosh. A Tarayyar Sobiyet kuwa littafin haramtacce ne a lokacin, a ɓoye ake karanta shi.

Mu nan a 1984 muna ƙarƙashin mulkin soja na Janar Muhammadu Buhari, ɗan Daura. A shekarar aka kafa Dokar Soja ta 4, wadda a ƙarƙashinta aka ɗaure 'yan jaridar Guardian biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, shekara guda. An soke dokar bayan juyin mulkin Agustan 1985. Na kawo wannan ne don a ga bambanci: a Najeriya mutane sun yi ta surutu, lauyoyi sun yi magana, kuma har yau muna iya faɗin sunayen mutanen biyu. A Oceania da an share su daga kowace takarda kamar ba a taɓa haihuwarsu ba. Duk wanda ya kira kowace matsa "1984" yana rage wa kalmar nauyi.

Littafin yakan farfaɗo duk lokacin da aka taɓo jijiyar. A Yunin 2013, da wani Ba'amurke mai suna Edward Snowden ya fallasa yadda hukumar leƙen asirin Amurka ke tattara bayanan wayoyin jama'a, cinikinsa ya yi tashin gwauron zabi.

Mu da matsalar tsaro ta dama, ba gara a sa ido ba?

Wannan tambayar wani ɗalibina ɗan wajen Batsari ya yi mini ita, kuma ban amsa da sauri ba. Wanda aka ɗauke wa uba aka kira shi a waya ana cinikin kuɗin fansa ba ya bukatar lacca kan sirri. A Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara. A watan ne kuma aka ba da umarnin haɗa layin waya da lambar NIN, muka sha layi a rana. A Satumbar 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan. Mutane sun jure duk wannan don suna son su kwana gida lafiya, kuma suna da gaskiya.

Abin da na ce masa shi ne, ido iri biyu ne, kuma tambayoyi uku ke raba su. Wa ke kallo? Wace doka ta ba shi izini, zuwa ina ta tsaya? In ya wuce gona da iri, wa zai tuhume shi? Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin gida da wasiƙa da hirar waya, kuma a 2023 an sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a. Wanda ya miƙa zanen yatsunsa da lambarsa yana da haƙƙin ya tambayi abin da aka yi da su, da kuma dalilin da ya sa ɗan bindiga ke kiran waya har yau. Babban Yaya shi ne idon da ba a yi wa tambaya.

Kyamarar ɗan ƙanwata ba ta cikin wannan layi. Shagonsa ne, kowa yana ganinta, kan kanta kawai take kallo. Na dai ce masa takardar ta fi ƙarfin shagon. Ya cire ta ya sa wata da Hausa: "Akwai kyamara a nan."

Ba daidai take da "Allah na ganinka" ba?

A'a, kishiyarta ce, ko da yake na fahimci abin da ya sa kunne ke haɗa su. Mun tashi da hadisin Jibrilu: ka bauta wa Allah kamar kana ganinSa, in ba ka ganinSa to Shi yana ganinka. Mun ji a wa'azi labarin yarinyar da uwarta ta ce ta zuba ruwa a nono tunda Sayyidina Umar ba ya ganinsu, ta ce in Umar ba ya gani, Ubangijin Umar yana gani. Wannan gani shi ke sa mutum ya yi gaskiya ko babu dogari.

Amma addinin da ya koya mana haka shi ne ya hana ɗan'adam bin diddigin ɗan'uwansa. Suratul Hujurat, aya ta 12, ta ce kada ku yi bincike a kan juna. Suratun Nur, aya ta 27, ta hana shiga gidan wani sai da neman izini da sallama. Zauren gidan Bahaushe ma aikinsa ke nan: baƙo ya tsaya a nan, cikin gida ba na idonsa ba ne. Abin da Jam'iyyar Oceania ta yi shi ne ta ɗauki siffar da ta Mahalicci ce, mai gani ba a ganinSa, wanda ba Ya mutuwa, ta rataya wa hoton mutum mai gashin baki.

Yaya ya kamata a faɗe ta da Hausa?

Na gwada da ɗalibai sau da yawa. Kalmar Turancin, "watching", tana da baki biyu: tana iya nufin tsaro irin na makiyayi, tana iya nufin dako irin na mafarauci. "Kallo" a wurinmu ya karkata ga nishaɗi, kallon dambe, kallon fim. "Ya sa maka ido" ta kama sharrin amma ta zubar da tausayin ƙaryar. "Yana lura da kai" ta riƙe duka biyun, sai dai ba ta da kaifi a fosta. Wata ɗaliba ta kawo "Idon Babban Yaya na kanka", kuma har yanzu ban ji wadda ta fi ta ba, domin uwa tana iya faɗa wa ɗanta irinta da ƙauna, ɗan sanda ma yana iya faɗa da barazana.

Akwai kuma abin da Turanci ya kuɓuta daga gare shi, mu ba mu kuɓuta ba. Kalmarsu ta ƙarshe, "you", ba ta bambance ɗaya da yawa, namiji da mace. Mu dole mu zaɓa: kanka, kanki, ko kanku. "Kanku" tana ba mutum wurin ɓuya cikin taro. Fostar kuwa so take kowa ya ji shi kaɗai ake nufi.

Yaya labarin ya ƙare? Winston ya tsira?

Wanda bai karanta ba kuma yana son ya gano da kansa, ya tsaya a nan.

Winston ya ƙulla soyayya a ɓoye da wata ma'aikaciya mai suna Julia. Suka kama ɗaki a saman shagon wani tsoho mai sayar da tsofaffin kaya, suna ganin babu allo a ciki. Ashe yana bayan wani hoto da ke rataye a bango, tsohon kuma ɗan sandan tunani ne. Aka kai su Ma'aikatar Ƙauna. Aka yi ta azabtar da Winston har ya yarda biyu da biyu biyar ne in Jam'iyya ta ce haka. Abu ɗaya ya rage masa: bai ci amanar Julia a zuciyarsa ba. Sai aka kai shi Ɗaki na 101, inda ake haɗa kowa da abin da ya fi tsoro a duniya. Nasa ɓeraye ne. Da aka kusanto da kejin fuskarsa, ya yi ihu a yi wa Julia, kada a yi masa.

Ba su kashe shi nan take ba, sun sake shi. A shafin ƙarshe yana zaune a wani gidan shan shayi da giya, allon bango yana shelar nasarar sojojin Oceania a fagen yaƙin Afirka. Ya ɗaga kai ya dubi babbar fuskar nan, hawaye biyu suka gangaro masa, yana ganin wautarsa ce ta sa ya daɗe bai gane murmushin da ke ƙarƙashin gashin bakin ba. Jimlar ƙarshe ta littafin kalma huɗu ce a Turanci, a Hausa ma huɗu: yana ƙaunar Babban Yaya.